Yadda Rakiya Ta Ƙi Auren Mista Harold

Tun da na ce zan ajiye ajin Asabar, ku 'yan matan masallacinmu na Laurel kuke ta rububin karɓa. Na ji daɗi, Allah ya yi muku albarka. Sai dai da kunnena na ji Nana tana ce wa ƙawarta, da Turancin nan naku mai fita ta hanci, wai mene ne abin wahala, ai Turanci ne kawai, kuma a cikinsa aka haife ku. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan kafin in miƙa muku jakar aikina. Ke Nana, in wata uwa ta tambaye ki me ya sa ake cewa "I want to go" amma ba a cewa "I enjoy to go", me za ki ce mata? Na san amsarki, za ki ɗaga kafaɗa ki ce haka yake. Ita kuma ran Litinin da wannan "haka yake" ɗin naki za ta tsaya gaban wanda ya ɗauke ta aiki.

Ni kaina ba da allo na fara ba, da jera kujeru na fara. Na biyo maigidana ƙasar nan a farkon shekarun dubu biyu, ina ji da kaina saboda na daɗe ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata a Zariya. Wata dattijuwa baƙar fata, Misis Doris, wadda ta yi ritaya daga koyar da yara, ita ke riƙe da ajin manya a ɗakin karatun unguwarmu, kuma a hannunta na koyi sana'ar nan. Ta ce in jera kujeru su yi da'ira, in zuba ruwan zafi a fulas, in koma baya in yi shiru. Haka na yi ta yi har sanyin shekarar ya wuce. Ranar da ta bar mini ajin, na cika allo da dokokin nahawu, na yi bayani har muryata ta dushe. Da aka tashi ta tambaye ni wa ya fi kowa magana yau. Na ce ni. Ta ce to ashe ni na samu darasi, su kuwa sun bar aikinsu da 'ya'yansu sun zo kallo. Daga ranar ta kafa mini doka, bakin ɗalibi ya fi nawa motsi ko kuwa ban yi aiki ba.

Jakar da zan ba ku, Misis Doris ce ta fara haɗa mini ita. Kada ku buɗe ku yi dariya. Akwai kofin roba da cokali, da ƙaramin tawul, da buroshin haƙori, da kwalin magani mai ɗaki-ɗaki na ranakun mako, saboda mata masu aikin kula da tsofaffi. Akwai tocila da tarin makullai saboda masu gadi. Akwai wata tsohuwar wayar tarho da ba ta aiki, wadda muke kiran asibiti da makarantar yara da ita. Akwai ƙwallon tanis da ta sha hannu har ta yi baƙi. Da can akwai rakoda mai kaset, don mutum ya ji muryarsa da kunnensa, kafin waya ta zo ta kashe mata kasuwa. Mutum ba ya riƙe maganar da ya gani a allo kamar yadda yake riƙe wadda ya faɗa da kofi a hannunsa.

Sai kwandunan wanki guda uku, ja da shuɗi da fari, waɗanda su ne ƙashin bayan ajin. Kalmomin aikatau na Turanci, irin su so da ƙi da gamawa, kowacce da abin da take ja a bayanta. Wasu ba sa tafiya sai da "to", irin su want da need da promise da refuse, su ke shiga jan kwando. Wasu kuma sai kalmar da ta biyo su ta ƙare da "ing", irin su enjoy da finish da keep, nasu shuɗi ne. Farin na marasa kaya ne, let da make, da ba sa jan komai. Nakan rubuta kowacce a kati, in jefa wa mutum ƙwallo, ya cafe, ya zari kati, ya haɗa magana a kan aikinsa, ya jefa katin a kwandon da ya dace. Za ku ji Bahaushe ya ce "I want I go", ko "I want you come". Kada in ji kun yi masa kallon jahili. "Ina so in tafi" da "ina so ka zo" ne ya ɗauko daga gida ya sa musu rigar Turanci, kuma a harshensa daidai ya faɗa. Aikinku ku san abin da ke ƙasan maganarsa, wanda ku da kuke amsa wa iyayenku da Turanci ba lallai ku sani ba.

Na ga mutane iri-iri a kan kujerun nan. Masu gadin manyan ɗakunan ajiyar kaya sukan zo kai tsaye daga wurin aiki, ido ja, ana jefa ƙwallo tana dukan ƙirjinsu. Matan zangon Kumasi da Akara sukan shigo suna cewa su ai sun iya Turanci tun a kasuwa, gyara kawai suka zo yi, kuma su suka fi kowa musu. 'Yan Nijar kuma Faransanci ke shiga tsakaninsu da kowace kalma. Akwai Alhaji Sani, mai gadi, farin gemu har ƙirji, wanda ya yi wata guda yana barin ƙwallon tana faɗuwa ƙasa don ba ya so a ce mace ta jefe shi. Da ya saba, shi ya koma mai karɓe ta daga hannun mutane.

Shekarar da ta fi kowacce muni ita ce dubu biyu da tara, lokacin da tattalin arzikin ƙasar nan ya durƙushe. Aka janye tallafin ajin, aka karɓe ɗakin, Misis Doris ta koma kudu wajen 'yarta. Na kwaso kwandunana na dawo da su ɗakin ƙasa na masallaci, inda injin ɗumama ɗaki ke ƙara kamar injin niƙa. Ɗalibai suka ɗauke ƙafa. Wasu an sallame su daga aiki, wasu banki ya karɓe gidajensu sun koma wata jiha, wasu kuma sun haɗa aiki biyu ba su da Asabar. Akwai ranar da na jera kujeru, na dafa shayi, na zauna da mutum biyu. A wannan shekarar ce abin Rakiya ya faru, kuma saboda shi nake wannan dogon rubutu.

Rakiya 'yar Maraɗi ce, ba ta kai arba'in ba a lokacin, da 'ya'ya uku. Ba ta taɓa shiga aji a gida ba, amma ban taɓa samun mai kaifin kunne irinta ba, ba ta jefa kati a kwandon da ba nasa ba. An sallami mijinta daga ɗakin ajiyar kaya, gidan gaba ɗaya ya koma kan aikinta na kula da wani tsoho, Mista Harold, a Fort Washington. Wata Asabar ta tsaya bayan an tashi, tana naɗe tawul tana warwarewa. Ta ce 'yar tsohon, Karen, ta kai ƙara wajen kamfanin da ke tura su gidaje, wai Rakiya ba ta jin Turanci, ba ta yi wa mahaifinta magana, ya daina cin abinci, yana ramewa. In abin bai canza ba zuwa ƙarshen wata, za a kawo wata. A shekarar nan kuwa wanda aka cire daga gida ɗaya, sai ya daɗe a layi kafin a sake tuna shi.

"Malama, mi za ni yi?" in ji ta. "Wallahi ko ubana ban yi ma hidimar da nike yi ma tsohon nan ba."

Abin ya ɗaure mini kai, don na san Turancin yana bakinta. Na karɓi lambar Karen na kira ta, na ce ni ce malamar Rakiya, na roƙe ta ta bar ni in zo in zauna a gefe in gani. Ta ce in zo.

Gidan yana wata unguwa mai shiru, ana hango kogin Potomac ta tagar kicin. Mista Harold ya haura casa'in, idanunsa sun kusa mutuwa, haske da inuwa kawai yake rarrabewa, kuma bai daɗe da rasa matarsa ba. Yana zaune a kujerarsa ta falo sai Rakiya ta shigo da faranti. Ta cire takalmi, tana taka ƙasa a hankali don kada ta dame shi. Ta rusuna a gefensa, ta sunkuyar da kai, ta ɗebo abinci ta kai cokali bakinsa, ba ta ce uffan ba. Tsohon ya zabura, ya kaɗe cokalin, ya yi ihu yana tambayar wane ne a nan. Ta ce "Sorry, sir," can ƙasa-ƙasa yadda ko ni da ke kusa da ƙyar na ji, ta goge masa riga, ta sake ɗebowa. Da a Maraɗi ne ko a Zariya, duk wanda ya ga wannan zai sa wa iyayenta albarka. Shi kuwa bawan Allah yana zaune cikin duhunsa, hannu ne kawai ke fitowa daga inda bai sani ba yana taɓa shi. Tausayinsu su biyun ya kama ni.

A mota muna komawa Laurel na ce mata, "Rakiya, in kina so ya buɗe baki, yaya za ki ce?"

Ta jero mini su ba ko tuntuɓe. "I need you to open your mouth. I want you to drink. Let me help you sit up."

"To me ya hana ki faɗa masa?"

Ta juyo ta dube ni kamar na yi saɓo. "Haba Malama, dattijo ne hwa. Ni in dubi sa'an ubana in ce mishi ina so ka yi kaza? Ni a wa? A gidanmu ko ruwa za ki ba baba, ajiyewa kike ki ja da baya. In na buɗe baki, ji nike kamar zagin shi za ni yi."

Na yi mata bayanin da ku ma za ku yi, cewa a ƙasar nan hakan ladabi ne, kuma makaho sai an gaya masa kafin a taɓa shi. Ta ce to. Za ku san wannan "to" ɗin namu na Hausa in kun daɗe a aikin, ma'anarsa na ji, amma babu abin da zai canza. Asabar ta gaba na gwada ta. Ta faɗa mini jimlolin, ta faɗa wa matan Kumasi, ta faɗa wa bango. Sai na zaunar da Alhaji Sani a kujera na ce ya rufe ido, na miƙa mata kofi da cokali. Tana ganin farin gemun nan bakinta ya mutu, ta rusuna ta miƙa cokali shiru. Babu kwandon da ke maganin wannan a cikin ukun nan.

Na gaji, na zauna kusa da ita na ce, "Ke yanzu tun da kike, babu wani tsoho a duniya da kika taɓa ɗaga wa murya?"

Sai na ga ta rufe baki da gyale tana dariya. Ta ce sai dai kakanta, mahaifin babanta. Shi kam ta sha ɓoye masa hula, ta sha ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Da ya tsufa ya daina cin abinci, babu mai iya sa shi ya ci sai ita, don takan tsaya a kansa ta ce in bai cinye tuwon nan ba ta fasa aurensa, ta samu saurayi mai haƙora. Ku da kuka tashi a nan wataƙila ba ku san wannan ba. A wajenmu uba ake jin nauyi, kaka kuwa abokin wasa ne, yakan kira jikarsa amaryarsa, ita kuma ta yi ta ja masa rai, kowa na dariya.

Na ce, "A shekaru, Mista Harold ya haifi babanki ko bai haife shi ba?"

Ta yi lissafi da ido. "Ya haihe shi, Malama."

"To ashe ba ubanki ba ne. Kin ajiye shi a inda ba wurinsa ba. Kakanki ne."

Sai ta miƙe, ta ɗauki kofin, ta tsaya a kan Alhaji Sani da hannu a ƙugu. Abin da ya fito daga bakinta ranar, har matan Kumasi sai da suka riƙe ciki. Alhaji ya buɗe ido ɗaya ya ce shi dai a tuna yana da mata a gida. Muka yi ta maimaitawa har ya zauna mata, ta yi sallama tun daga ƙofa, ta faɗi sunanta, ta faɗi abin da za ta yi kafin ta yi. Amma na ja mata kunne a kan abu ɗaya. Na ce zancen aure ta bar shi a Maraɗi. A nan, mai aiki ta yi wa tsoho mai gida da dukiya, wanda matarsa ta rasu, maganar aure, ba kora kawai za ta jawo ba, har bincike sai an yi. Ta ce to.

Asabar ta ƙarshen wata Karen ta ce za ta zauna ta gani da idonta kafin ta yanke shawara, ni ma na je. Rakiya ta tsaya a bakin falo da takalminta a ƙafa, ta ɗaga murya ta ce, "Grandpa Harold, it is Rakiya. I am coming to disturb you," wato ga ta nan ta zo ta dame shi. Tsohon ya juyo da kai wajen muryar. Ta ce za ta taɓa kafaɗarsa, ta taɓa, bai zabura ba. Ta ce tana so ya gyara zama, ya gyara. Na ji sanyi a raina. Amma da aka zo kan abinci sai ya datse baki ya kau da kai. Ta ce ya gwada ko kaɗan, ya ƙi. Ta ce likita yana so ya ci, ya ce likitan ya zo ya ci. Na ga Karen ta sauke numfashi ta ɗauki wayarta, na san me hakan ke nufi.

Sai Rakiya ta ajiye cokalin a faranti da ƙara, ta riƙe ƙugu, ta manta da ni da jan kunnena. Ta ce, "Okay. You refuse to eat, I refuse to marry you." Ka ƙi ci, na ƙi aurenka.

Karen ta ɗago kai daga wayar. Na fara haɗa bayanin da zan yi a raina, ina tuna yaran nan uku. Rakiya kanta ta gane abin da ta yi, ta kai hannu baki. Can sai na ga kafaɗun tsohon suna rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ta taso masa tun daga ciki har ta sarƙe shi da tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Karen, kyakkyawa ce?"

Karen ta dubi Rakiya, ta dubi mahaifinta, ta ce, "Baba, ta fi ƙarfinka."

"To a ba ni cokalin nan," in ji shi.

Ya ci fiye da rabi. Karen ta tashi ta shige kicin, na bi ta da sauri don in wanke Rakiya. Na same ta a bakin famfo tana share hawaye, ta ce tun ranar da aka binne mahaifiyarta ba ta ji dariyarsa ba. Duk da haka na yi mata bayanin wasan jika da kaka dalla-dalla, don kada gobe wani ya juya mata zancen. Ta saurara, sannan ta tambaye ni, in mahaifinta kakan Rakiya ne, ita kuma mece ce? Na ce a lissafinmu ta zama uwa, ita za a riƙa jin nauyi. Haka kuwa aka yi, har suka rabu Rakiya ba ta taɓa haɗa ido da Karen ba. Ran Litinin Karen ta kira kamfanin ta ce kada a canza mata kowa.

Don haka, Nana, ga jaka, ga kwanduna. Ku koya musu abin da ke jan "to" da abin da ke jan "ing", wajibi ne, babu wanda zai riƙe aiki ba tare da su ba. Amma kafin ku sa uwa ta maimaita "I want you to", ku tambaye ta wa za ta je ta faɗa wa, kuma mene ne shi a wajenta. Wannan tambayar ba ta cikin kowane littafi da za ku saya.

Mista Harold ya ƙara wasu shekaru a duniya. Rakiya ta ce kullum da safe sai ya nemi aurenta, ita kuma kullum da sabon sharaɗi, yau ya shanye magani, gobe ya taka zuwa taga, jibi ya bari a yi masa aski. Mijinta ya samu wani aikin, yaran suka girma, babbar tana cikinku, kun san ta. Da tsohon ya rasu Karen ta kira mu jana'iza, ta kama hannun Rakiya ta zaunar da ita a layin dangi, ni a gefenta. Da Karen ta tashi yin magana ta nuna Rakiya, ta gaya wa jama'a cewa wannan ita ce matar da ta ƙi auren babanta, shi ya sa ya ƙi tafiya da wuri. Mutane suka yi dariya suna share ido. Rakiya ba ta yi dariya ba. Ta ja gyale ta rufe fuska, hawaye na zuba, na ji tana magana ƙasa-ƙasa da Hausarta ta Maraɗi, tana fuskantar akwatin gawar.

"Tsoho mai ran ƙarhe," in ji ta, "ai da ka ƙara haƙuri kaɗan, na kusa yarda."